Daga Bakin Iyakar Bagudo Mun Ji Japan, Benin Ta Gagare Mu

Wata ranar Talata, ana saura minti biyar a tashi daga darasin Fiziks, Malam ya ajiye alli ya jefo mana tambaya. Ya ce, idan mutum yana tsaye a Lolo, bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, da na'urar rediyo mai aika magana a gabansa, wa zai fi saurin jin sa, mutumin Benin ko mutumin Japan? Duk muka ce Benin, har da dariya, don tambayar ta yi kama da ta 'yan firamare. Malam bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi duk mai son amsa ya kawo izinin iyayensa a rubuce, ya tanadi gidan sauro, ranar Juma'ar ƙarshen Oktoba za mu je mu ji da kunnenmu.

Mu takwas muka samu izini daga ƙungiyar kimiyya, maza biyar, mata uku. Sai Malam, da Malamar da ke kula da 'yan mata, da wani dattijo abokin Malam da muke kira Baba Injiniya. Tsohon ma'aikacin sadarwa ne da ya yi ritaya, kuma shi ne mai na'urar da lasisinta.

Abin da Baba Injiniya ke yi ana kiransa rediyon 'yan sha'awa. Ba gidan rediyo ba ne irin wanda ke karanta labarai, ba kuma oba-oba ta jami'an tsaro ba ce. Mutane ne a ƙasashen duniya, likitoci da manoma da ɗalibai, da suka ci jarrabawa gwamnatinsu ta ba su lasisi, suke magana da junansu ta iska ba tare da layin waya ko intanet ba. Ba a kasuwanci a ciki, ba a sa kiɗa, ba a magana da zaurance. Kowa yana da sunan kira na haruffa da lambobi, kuma farkon sunan shi ke faɗin ƙasarsa: na Nijeriya yana farawa da 5N, na Nijar 5U, na Ghana 9G, na Benin kuma TY. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma ɗan wannan sha'awa ne, sunan kiransa JY1. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a Faris ranar 18 ga Afrilu 1925, shi ya sa har yau suke bikin wannan rana.

Mun bar Birnin Kebbi bayan sallar asuba, muka bi ta Jega zuwa Koko, daga nan muka karkata yamma. A Bagudo muka yi sallar Juma'a, muka ci shinkafa da wake da soyayyen kifi, muka cika jarkoki da ruwa. Daga Bagudo ne tafiyar ta fara canza kama. A gadar Tuga muka haye Kogin Neja, wanda tsofaffi ke ce wa Kwara, yana cike taf da ruwan ƙarshen damina, masunta na ta harkarsu a ƙasa kamar ba su san da gada ba. Bayan gada sai Ka'oje, garin Fulani. A wannan yanki ne Tsamiya take, inda ake fita zuwa Segbana ta ƙasar Benin. Mu dai Illo muka nufa. Kaka ce, ko'ina gero a ɗaure, dawa ta sunkuyar da kai, fadamu sun yi rawaya da shinkafa. Hanyar kuwa, a bar ta kawai. Sau biyu muna sauka mu tura mota.

Tun kafin mu isa masauki wayoyinmu suka fara rikicewa. Ta wani ɗan ajinmu ta yi ƙara, ya duba sai ga saƙo da Faransanci ana yi masa maraba da zuwa Benin, alhali ƙafarsa ba ta bar Nijeriya ba. A 'yar kasuwar da muka tsaya, mai kanti na karɓar naira yana karɓar sefa, yana ciniki da Hausa, ya juya ya amsa wa wata mata da Dandanci, ya daka wa yaronsa tsawa da Fillanci. Malam ya ce wannan iyaka ba mutanen nan suka shata ta ba. A Faris aka zauna ranar 14 ga Yuni 1898, Ingila da Faransa suka raba ƙasar Borgu tsakaninsu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu, wadda muke tsokana da suna 'Yar Faransa, ta ce ai ita shaida ce: mahaifiyarta 'yar Madekali ce, can tsallaken iyaka daura da Lolo, kuma kakarta na nan da rai a garin.

Masaukinmu wata makarantar firamare ce a wani ƙauye tsakanin Illo da Lolo, kusa da bakin ruwa. Amma Baba Injiniya ya hana a sauke ko da waya ɗaya sai da muka je gaisuwa. Ya ɗauki takardar lasisinsa da wasiƙar makarantarmu, aka kai wa jami'an tsaron yankin suka duba, sannan muka wuce ƙofar Maigari. 'Yan uwa, ku riƙe wannan da kyau: a bakin iyaka, a wannan zamani na rashin tsaro, wanda aka gani da na'urar sadarwa ba takarda ya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. Lasisin Nijeriya ma a Nijeriya kaɗai yake aiki. Da Baba zai taka 'yan kilomitoci ya kunna na'urarsa a Madekali, sai ya nemi izinin hukumar Benin tukuna. Mu da ba mu da lasisi ko makirfo ba mu taɓa ba. Aikinmu saurare da rubutu.

Maigari ya saurari bayani har ƙarshe, ya dubi naɗin wayar da ke hannun Malam.

"Ranka ya daɗe, da wannan za mu yi magana da mutanen Turai," in ji Malam.

"Da wagga igiyar shanya?" Maigari ya yi murmushi. "To, Allah shi taimaka. Ɗiyana, ku dai yi hankali da bakin ruwa da dare."

Gaskiyar Maigari, eriyar ba ta fi igiyar shanya kwarjini ba. Wayar wuta ce irin ta gida, a yanka ta gida biyu daidai wa daida, a haɗa tsakiyar da kebul mai zuwa na'ura. Abin da ke cikinta lissafi ne. Baba ya ba mu ƙa'ida: a raba 143 da yawan megahaz ɗin da za a yi aiki a kai, abin da ya fito shi ne tsawon waya a mita. Zangon mita 20 yana wajen megahaz 14.2, lissafi ya ba da mita 10 da 'yan kai, wato biyar hagu biyar dama. Zangon mita 40 yana wajen megahaz 7.1, ya ba da mita 20. Wannan ta biyun, in ji Baba, tana iya aiki a zangon mita 15 ma. Wani daga cikinmu, ba za mu faɗi suna ba, ya yi gaggawa ya yanke ɓangare ɗaya da ragin kusan taku biyu, sai da aka yi ƙari aka naɗe da salatif. Muka ɗaure gora biyu ta zama dogon turke, muka ja bakin waya ɗaya zuwa bishiyar darbejiya, ɗayan zuwa tsamiya. Wuta kuma batirin mota ne guda biyu da allon sola.

Dalilin zaɓen wannan mako shi ne gasa. Duk shekara, a Asabar da Lahadin ƙarshe na Oktoba, ana yin gasar da ake kira CQ World Wide, ta magana da murya. Ta masu buga saƙon Mos kuma sai ƙarshen Nuwamba. Awa 48 ake yi ba tsayawa, daga ƙarfe 12 na dare agogon GMT, wato ƙarfe ɗaya na daren Juma'a a wurinmu. An kasa duniya shiyya 40. Nijeriya da Benin da Nijar duk suna shiyya ta 35, Jamus ta 14, Italiya ta 15, Birazil ta 11, Japan ta 25. Idan ka yi magana da tashar wata nahiya ka ci maki uku, ta wata ƙasa a nahiyarku maki ɗaya, ta ƙasarku ba ko ɗaya. A ƙarshe sai a ninka makinka da jimillar ƙasashe da shiyyoyin da ka samu a kowane zango. Mai maki 100 da ƙasashe 10 da shiyyoyi 5 yana da 1,500. Ya ƙara ƙasa ɗaya tak, ya koma 1,600 da 'yan kai. Don haka sabuwar ƙasa ta fi tsohuwa daraja nesa ba kusa ba, kuma ƙasar da ba ta da masu rediyo da yawa, kamar tamu, kowa rububinta yake yi.

Ƙarfe ɗaya saura kwata muna zaune kan tabarma a barandar aji, sauro na ta shagali. Na'urar ba ta fi girman babban ƙamus ba, ba abin da ke fita daga cikinta sai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Ƙarfe ɗaya na bugawa, sai ka ce an buɗe ƙofar kasuwa. Muryoyi suka cika zangon, wata kan wata, duk suna kiran "si-kiyu", wato kowa da kowa, mai ji ya amsa. Baba ya danna makirfo ya faɗi sunan kiransa harafi-harafi. Ba a yi minti biyu ba wata murya ta maimaita sunan daga Birazil. Muka yi tsalle har fitila ta faɗi.

Abin da ya biyo baya ya ɗan sanyaya mana jiki. Mutumin ya ce "biyar tara, sha ɗaya", Baba ya ce "biyar tara, talatin da biyar", shi ke nan, an gama. Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba yaya iyali. Mu da muka taso a inda gaisuwa kaɗai ke cin minti biyar, abin ya yi mana kama da rashin tarbiyya, kuma har yanzu ba mu canza ra'ayi gaba ɗaya ba. Lambar farko tana nuna yadda ake fahimtar maganarka, daga ɗaya zuwa biyar. Ta biyu ƙarfin sautinka, daga ɗaya zuwa tara. To amma a gasa kowa biyar tara yake ba kowa, ko da sai da ya ce a maimaita sau huɗu kafin ya ji. Muka tambayi Baba ko wannan ba ƙarya ba ce. Ya yi dariya ya ce, "Kai da aka ce maka ina gajiya ka ce ba gajiya, bayan ka tura mota sau biyu fa?" Ya ce a ranakun da ba gasa, masu rediyo kan yi hira mai tsawo, su rabu da lambar 73, wadda ke nufin fatan alheri.

Muka kasa kanmu biyu-biyu. Ɗaya na rubuta lokaci da sunan kira da shiyya a kundi, ɗaya na duba taswira. Aikin ya fi yadda muka zata wuya, don kuskuren harafi ɗaya na sa a soke makin. Kunne kuma sai ya koyi tsamo murya ɗaya daga cikin goma. Mun gwada kamo masu gasar da ƙaramar rediyon gajeren zango ta mai gadin makarantar, wadda yake jin Sashen Hausa na BBC da ita, sai muka ji maganar kamar kukan agwagwa. Baba ya ce masu wannan sha'awa suna matse sautinsu ne don tsimin wuta da wuri, sai na'urar da aka yi domin haka take warware shi.

Da hantsin Asabar, wajen ƙarfe tara, a zangon mita 15, 'Yar Faransa ce ke riƙe da biro lokacin da wata siririyar murya ta ɓullo, sunan kiranta na farawa da JA. Japan ke nan. A can ƙarfe biyar na yamma ne, sun riga mu da awa takwas. Sau uku Baba na maimaita sunansa kafin mutumin ya kama, ya ba mu shiyya ta 25. Tsakaninmu kimanin kilomita 13,000 ne, kuma da yake zangon rediyo na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, muryar Baba ta isa can kafin ƙiftawar ido. Da batirin mota da igiyar shanya.

Saura Benin. Da la'asar, a zangon mita 20, muka faɗa wani wuri da ya cika da hayaniya. Jamusawa da Italiyawa da Turawan Ingila na ta turereniya, kuma jefi-jefi sai mu ji wani ya ce "Tango Yanki", wato TY. Wata tasha ce a Benin take aiki, duk Turai na layi a ƙofarta. Muna jin masu kiranta ras, muna jin suna yi mata godiya. Amma duk lokacin da ya kamata ita ta amsa, sai shuuu. Baba ya ƙara sauti, ya canza eriya, ya kira har muryarsa ta dushe. Ko tari ba mu ji daga gare ta ba, ita ma ga alama ba ta ji mu ba.

A nan Malam ya ɗauki tsinke ya zana amsar tambayarsa a ƙasa. Can sama, daga wajen kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomitoci, akwai wani rufin iska da hasken rana ke cika shi da caji, ana kiransa ayonosfiya. Gajeren zango idan ya tashi a karkace ya bugi wannan rufi, sai ya lanƙwaso ya sauko can nesa, tsalle ɗaya kan kai har kilomita 4,000. Ya bugi ƙasa ko teku ya sake tashi. Da tsalle huɗu ko fiye muryar Baba ta isa Japan. Wanda ya tashi a miƙe kuwa, a zango irin na mita 20, yakan huda rufin ya wuce sararin samaniya, ba ya dawowa. Wanda ke bin doron ƙasa kuma ba ya nisa yake mutuwa. Saboda haka akwai wani fili kewaye da kai, daga 'yan kilomitoci goma-goma har zuwa ɗaruruwa, inda muryarka ke wucewa ta saman kan mutane. Idan tashar nan a Kwatano take, kusan kilomita 600 kudu da mu, to tana tsakiyar wannan fili. Maigari, wanda ya zo kallo da 'yan rakiyarsa, ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe inuwar giginya ce, na nesa ka sha."

Cikin 'yan rakiyar akwai wani mai jirgin fito, wanda ke ɗaukar mutane da kaya a kwale-kwale mai inji ranakun kasuwa. Shi bai yi dariya ba. Ya tsuguna gaban Baba ya ce, "Baba, ni tambaya gare ni. In jirgi ya kihe tsakiyar gulbi, ko ruwa ya ci gari kamar na shekarun baya, waya ba sabis, wanga abu na iya kiran mutane su kawo ɗauki?" Ambaliyar 2020 yake nufi, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ta yanke hanyoyi. Ya ce a lokacin sun yi kwanaki ba su san halin da 'yan uwansu na tsallake suke ciki ba.

Baba ya yi jim kafin ya amsa. Ya ce yana iyawa, amma ba yadda muka kafa shi yau ba. Na kusa akwai ƙananan na'urori na hannu masu aiki a zangon mita 2, waɗanda ke kai 'yan kilomitoci, musamman a fili irin na kan ruwa. Na ɗaruruwan kilomita kuma sai a koma zangon mita 40 ko 80, a sauko da eriya ƙasa-ƙasa yadda za ta harba sama a miƙe, don a waɗannan zanguna rufin kan maido da sautin kamar ruwan sama a kewayenka. Ya ba da labarin Disambar 2004, lokacin da igiyar tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya. Wata mata mai suna Bharathi Prasad da 'yan tawagarta sun je can ne don irin wannan wasa namu, sai layukan waya suka mutu, na'urorinsu suka koma hanyar isar da saƙon mutane zuwa ga danginsu. "Amma ka ga," in ji Baba, "duk wannan sai in akwai wani a ɗaya bakin da ya kunna tasa yana saurare. A Japan in na kira, ɗaruruwa na jira. Daga nan zuwa Yawuri, daga nan zuwa Malanbil, wa zai amsa mini?"

Mai jirgin ya ce, "To, ku koya ma yaranmu mana."

Ba wanda ya ba shi amsa, don mu ma a lokacin kwananmu ɗaya da fara koyo.

Ranar Lahadi muka yanke shawarar gwada maganar Baba, ko da za ta rage mana maki. Muka kwance eriyar mita 40 daga kan gora, muka sauko da ita har mai tsawo na iya taɓa ta da sanda. Nan take Turai ta dushe. Daga la'asar har bayan isha'i Baba na kira, yana murɗawa, yana kira. Wajen magariba wata tasha mai farawa da 9G ta amsa daga Ghana, da ƙarfi kamar mutumin na bayan aji. Maki ɗaya ne kacal, amma sabuwar ƙasa ce a kundinmu, kuma ta tabbatar da cewa dabarar tana aiki. TY dai shiru. Wataƙila mai tashar yana can zangon mita 20 yana sallamar Turawa, inda maki uku-uku suke; mu ma da mu ne shi, da abin da za mu yi ke nan. Wajen ƙarfe goma batiri na biyu ya yi sanyi, hasken na'urar ya fara lumshewa duk lokacin da Baba ya danna makirfo. Ya kashe ta, saura awa uku a rufe gasa.

'Yar Faransa ta ari wayar Malama, ta taka zuwa bakin katanga inda sabis ɗin Benin ke kamawa, ta kira kakarta a Madekali. Minti ɗaya bai cika ba tsohuwar ta ɗauka. Muna jiyo su suna gaisawa da Dandanci, gaisuwa mai tsawo, har kuɗin wayar suka ƙare.

Da safiyar Litinin muka naɗe wayoyi, muka yi wa Maigari sallama. Mai jirgin fito ya kawo mana busasshen kifi a kwali, ya sake tuna wa Baba maganarsu. A mota muka ƙirga kundin: nahiyoyi biyar, shafi shida da rabi, da tabon man ja a shafi na uku. A ƙasan shafin ƙarshe wani ya rubuta TY da fensir, ya bar gurbin lokaci da na shiyya a buɗe. Muna hawa gadar Tuga 'Yar Faransa ta matsa kusa da kujerar gaba.

"Baba, jarrabawar lasisin nan, me da me ake tambaya?"

"Lissafin wuta, da dokokin sadarwa, da yadda ake kira. Ba abin da ya fi ƙarfin 'yar aji biyar."

"To a Benin fa? Ina da ɗan kawu a Madekali, ya fi ni iya lissafi."

Baba ya ce zai bincika mata. Ya juya ya miƙo mata naɗin wayar mita 40, har da salatif ɗin da ke jiki, ya ce ta ajiye wa ƙungiya a kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje.